Birnin da murjani ya zube

Waɗanda suka raɗa wa unguwannin Njamena suna ba su rasa raha ba. Mardjan-Daffack, da Larabcin Chadi, murjani ya zube ke nan. Ardep-Djoumal tsamiyar raƙuma, ko da yake yau mai neman raƙumi a can sai dai ya yi haƙuri da babura. Akwai kuma Paris-Congo, inda aka haɗa Faransa da Kwango a unguwa guda ba tare da biza ba. Shi kansa birnin, da aka sauya masa suna daga Fort-Lamy a 1973, ana fassara sunansa da wurin hutawa. Duk wanda ranar Afrilu ta taɓa kama shi a bakin kasuwar Dembé ya san irin hutun.

Muna ganin wannan idon ne yaranmu suke neman rasawa. Barkwancinsu kusan duka daga Kano yake zuwa ta waya, suna maimaita shi har da sunayen unguwannin da ba su taɓa takawa ba. Ba mu ƙi Kano ba, can ne dangi. Amma Hausar da ba ta iya ba da labarin titin ƙofar gidanta, ba da jimawa ba za ta koma harshen gaisuwa da sallama, sauran hira kuwa a yi ta da Larabci.

Alhali abin dariya ga shi zube. Ana gobe Babbar Sallah ɗan clando ya goyo rago a tsakaninsa da fasinja, ragon ya fi su duka natsuwa, kamar shi ya biya kuɗin. Kwalaben fetur jere a kan tebur, rana ta haska su tamkar zuma, a ƙasar da take sayar da mai waje tun 2003, ga kuma matatar Djermaya da aka gina da Sinawa tana aiki tun 2011. Wanda ya dubi kwalaben nan ya yi murmushi, ai ya riga ya yi tambayar da ta kamata.

Wasu dattawanmu za su ce wasa da wahala rashin kunya ne. Suna da gaskiya a wuri guda. Lokacin ambaliyar 2022, da kwalekwale ya maye gurbin tasi a Walia, wasu sun ɗauki hoton mutanen da gidajensu suka nutse suna dariya. Wannan ba raha ba ce, cin fuska ne. Mai gidan da ruwa ya ci, idan ya ce ya wayi gari da kogi a tsakar gida bai sayi fili a bakin Chari ba, shi ke da ikon faɗa, mu namu mu taya shi kwashe kaya.

Saboda haka muna roƙon masu karanta wannan shafi: abin da kuka gani yau tsakanin gadar Ngueli da Kasuwar Gero, ku rubuto mana shi da Hausa, da sunan unguwar.