Kafin mu zuba kuɗin adashi a fiyano, mu ƙirga muryoyinshi

Ƴan'uwa ƴan kasuwa, maza da mata, akwai wata sana'a da ta daɗe da shigowa gidajenmu, amma har yau muna sayen kayan aikinta ido rufe. Sana'ar kiɗan fiyano muke nufi, wato na'urar nan mai maɓallai farare da baƙaƙe da ke aiki da lantarki, wadda Turawa ke ce ma sintetaiza. Yaro zai kama uwarshi da magiya ta sayo mishi, ko ƙane ya zo wurin Alhaji a rumfa neman jari zai buɗe situdiyo. Sai a kwashi kuɗin adashi, ko ribar kakar albasa, a miƙa ma wani mai zuwa Kano ko Legas a ce ya sayo "mai kyau". Mu da ba mu sayen buhun gero sai mun soka mishi tsinke mun ga ƙwaya, ba mu sayen atamfa sai mun murza bakinta, ya za a yi mu sayi kayan da manyan cikinsu sun haura miliyan guda na sefa don kawai kwalin ya yi kyau?

Mu ra'ayinmu shi ne a saya. Sana'a ce, kuma mu kanmu muna cikin masu biyan kuɗinta. Tallar shagunanmu da ake sakawa a gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani, da fiyano ake yi mata kiɗa. Waƙar amarya da ake rera sunan ɗiyarmu a ciki, da shi ake yi. Waƙoƙin finafinan Kano da suka cika kasuwanninmu tun shekarun 1990, yawancinsu da fiyanon Yamaha samfurin PSR aka kaɗa su, har masu bege da mawaƙan siyasa suka bi sahu. Kuma abin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Mamman Sani ya naɗi kiɗanshi na lantarki a Yamai tun 1978, da wani ogan ƙirar Italiya mai suna Orla, aka yi shekaru ana jin shi a rediyo da talabijin na ƙasa tsakanin shiri da shiri. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da wannan aiki, duniya ta ji shi. To a saya, amma a saya da idon ɗan kasuwa.

Abu na farko da mai saye ya kamata ya tambaya, kuma shi ne wanda mai sayarwa bai cika faɗa ba, shi ne yawan muryoyi. Turawa na ce mishi polifoni. Ma'anarshi: sauti nawa na'urar ke iya fitarwa a lokaci guda. Ku ɗauki algaita. Komai gwanintar mai busa, sauti ɗaya take fitarwa a lokaci ɗaya. Ku ɗauki kuma taron ƴan amshi, mata goma na iya ɗaga murya tare. Fiyano ma haka yake, akwai mai murya ɗaya, akwai mai huɗu, akwai mai 48, akwai mai 128. Minimoog, wanda ya fito a Amurka a 1970 ya yi suna ƙwarai, murya ɗaya gare shi, ko ka danna maɓalli uku ɗaya za ka ji. Prophet-5 na 1978 murya biyar gare shi, kuma a lokacin an ɗauki wannan babban ci gaba. Yamaha DX7 na 1983 da Korg M1 na 1988 kowanensu 16.

Inda ake cutar mai saye shi ne nan. A jikin kwali za a rubuta babbar lamba, a ce akwai sauti ɗari shida da wani abu. Wannan adadin ire-iren sauti ne, wato sarewa, jita, ganga, goge irin na Turawa da sauransu. Kamar mai shago ne ya ce yana da kalar atamfa ɗari shida, alhali tambayar ita ce turmi nawa zai iya ba ka yau in ka zo da kuɗi. Misali Yamaha PSR-E373 da ya fito a 2020 yana da ire-iren sauti 622, amma muryoyin da yake iya fitarwa tare 48 ne. Lambar da ta dame mu ƙarama ce, tana can cikin ɗan littafin da ke zuwa da na'urar, ko a gefen kwali, gaban wata kalma da ta fara da "poly". Wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da ɗan lakwal ya duba mishi.

Wani zai ce, yatsu goma ke ga mutum, mi zai yi da murya 128? Tambaya ce mai kyau, ga kuma lissafin. Makaɗi ya danna maɓalli uku da hannun hagu, biyu da dama, biyar ke nan. In ya haɗa sauti biyu wuri guda, a ce sarewa bisa goge, abin da hannun dama ke ci ya ninka. Wasu sautukan ma kowane maɓalli murya biyu yake ci tun daga masana'anta. In ya taka abin ƙafar nan da ke riƙe sauti ya yi tsawo, to sautukan da ya saki ba su mutu ba, suna nan riƙe da muryoyinsu yana ƙara wasu bisa. Sannan ga babban mai ci, wato kiɗan rakiya da na'urar ke yi da kanta: ganguna, bas, jita da sauran tarkace, har kashi takwas a manyan fiyano, duk daga rumbu guda suke ɗiba. In muryoyi suka ƙare, na'urar ba ta tsayawa, sai ta yanke tsohon sauti ta ba sabo wurinshi. A cikin ɗaki ba lalle a lura ba. A filin buki, bakin manyan lasifikoki, sai a ji kiɗa na ramewa daidai lokacin da amarya ta shigo fili. Mai buki ba ya sanin dalili, abin da ya sani shi ne gobe ba zai sake kiran wannan yaro ba.

Saboda haka a ganinmu, mai koyo a gida 48 ta ishe shi. Wanda ya fara karɓar ƙananan ayyuka ya nemi 64, kamar PSR-E473 na 2022. Wanda zai ci abinci da buki da talla kullum, ya yi haƙuri ya ƙara tari har ya kai ga mai 128, irin su Yamaha PSR-SX700 na 2019 ko Korg Pa700 na 2017. Gara a jira zagayen adashi na gaba da a saya sau biyu.

Sai kuma maganar yaranmu da intanet. Da yawa suna kallon bidiyon matasan Turai na murɗa wasu ƙananan na'urori masu kunnuwa da yawa, sai ransu ya biya. Irin su Korg Minilogue na 2016, mai maɓalli 37 da murya huɗu kacal, ko microKORG na 2002 shi ma mai huɗu, ko tsohon Roland Juno-106 na 1984 mai shida. Ba mu ce ba su da kyau ba. Sautinsu na da kauri da daɗi, kuma wanda ya san abin da yake yi zai ƙera sautin da babu mai irinshi. Amma su kayan yaji ne, ba tuwo ba ne. Minilogue ba shi da lasifika a jiki, ba shi da ganguna, ba ya kiɗan rakiya. An yi shi ne don mutumin da ya riga ya mallaki kwamfuta da sauran kayan situdiyo, yana son ƙarin launi. Yaron da zai tafi sunan jariri a Tibiri ko buki a Mirya da shi kaɗai, zai dawo da kunya. Shi kuwa Juno-106, masu gyara a ko'ina sun san ciwonshi: ƙananan sassan da ke fitar da muryoyinshi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya saboda tsufa, sai a wayi gari duk sauti na shida ya yi shiru. Wa zai gyara shi a Tawa? In yaro ya nace sai irin wannan, a tambaye shi aikin da zai yi da shi a wata uku na farko, da wanda zai biya shi.

Akwai wani tarkon kusa da wannan. Ana sayar da wasu fiyano masu araha da ba su da sauti ko ɗaya a cikinsu, ana ce musu na MIDI. Aikinsu kawai su aika saƙo ga kwamfuta, ita ke fitar da sautin da manhaja irin FL Studio. Situdiyo da yawa haka suke aiki yanzu, kuma hanya ce mai kyau, don a nan yawan muryoyi ya danganta da ƙarfin kwamfutar. Amma wanda ba shi da kwamfuta ya sayo wannan, ya sayo galan babu mai.

Mu dawo kan kunnenmu. Kiɗanmu yana da lanƙwasa. Kalangu yana magana ne saboda makaɗi na matse tsirkiya yana saki, goge da algaita ma suna zamewa daga sauti zuwa sauti. Abin da ke kwaikwayon wannan a fiyano wata ƴar ƙafa ce kamar tayar wasan yara a gefen hagu, wadda ake murzawa sauti ya hau ko ya sauka. PSR-E373 ba shi da ita, PSR-E473 yana da ita. Wannan ɗan bambanci ya fi sauti ɗari da aka jera a kwali amfani ga mai kiɗan Hausa. Haka nan a tambaya ko na'urar na iya ɗaukar sauti daga waje ta ajiye, don da haka ne ake naɗar kalangu ko gurmi na gaskiya a saka cikin maɓallai. Kamfanonin Japan ba su san duma ba, ba su san kotso ba, shi ya sa waƙoƙi da yawa ke fitowa da ganga iri ɗaya kamar uwa ɗaya ta haife su. Kuma muna roƙon masu situdiyo, in kun naɗi hannun makaɗin gargajiya ku biya shi hakkinshi, don da sautin nan za ku yi shekaru kuna karɓar kuɗi, shi kuwa an rage kiranshi buki.

Wuta da ƙura su ne ke kashe yawancin fiyano a ƙasarmu, ba yawan aiki ba. Lantarkinmu 220 ne, na Amurka 120, na Japan 100. Kayan gwanjo da ya fito daga can, in cajarshi ba ta ɗauke da rubutun 100 zuwa 240, sau ɗaya za a soka ta a bango. Kowa kuma ya tuna abin da ya faru a watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. Masu aiki da janareto sun san yadda wutarshi ke hawa da sauka. Don haka kuɗin abin daidaita wuta yana cikin kuɗin fiyano, kada a raba su. Ƙananan Yamaha irin su E373 da E473 suna aiki da batir shida irin na rediyo, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai zuwa bukin ƙauye. Ƙura ita kuma tana shiga ƙarƙashin maɓallai, inda wata ƴar roba ke taɓa allon lantarki. In hunturu ya cika wurin da ƙura, sai maɓalli ya ƙi magana, ko ya yi ihu ko an taɓa shi a hankali. Tela na iya ɗinka mishi riga da ragowar yadi. A hana a bar shi cikin mota a rufe a zafin Afrilu, a hana ɗaure shi bayan kabu-kabu ba jaka.

Ranar saye, ko a kasuwar Dole ta Damagaram ne, ko babbar kasuwar Yamai, ko Sabon Gari a Kano, kada a aiki wanda bai iya kiɗa ba shi kaɗai. A tafi da makaɗi, a sa wuta a gaban mai shago. A danna maɓallan nan 61 ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi. A kunna kiɗan rakiya, a haɗa sauti biyu, a taka abin ƙafa, a yi kiɗa mai cika, a saurara ko wani abu na yankewa. A jona shi da babbar lasifika ta kowace kafa. A bar shi kunne rabin awa ana ciniki, don wani ciwon sai na'ura ta yi zafi yake fitowa. In na hannu ne, a duba da mi yake ajiye kiɗa. Tsofaffi irin su PSR-740 da PSR-2000 da ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu na tsohuwar kwamfuta suke aiki, wanda samunshi ya yi wuya yanzu, gara mai kafar USB. A duba lambar masana'anta a ƙarƙashi ko an kankare ta. A karɓi takardar sayayya da sunan samfurin da wannan lamba a rubuce, don za a neme ta a duwan, kuma ita ce shaida in an zo sayarwa.

Ita ma sayarwar a yi tunaninta tun ranar saye. Yamaha da Korg da Casio suna da masu gyara da masu nema a Kano da Yamai, in yaro ya bar sana'ar ana iya maido wani abu daga cikin jarin. Wanda sunan kamfaninshi ba a taɓa jin shi ba, mai fitilu ja da kore kamar motar amarya, ranar da ya lalace sai dai yara su yi wasa da shi a tsakar gida. Hajiyar da za ta ba da kuɗin kuma tana da ikon ta sa sharaɗi kamar yadda take sa ma yaron shagonta: a buɗe littafi, a rubuta kowane buki da kowace talla da abin da aka biya, a riƙa cire wani kaso duk wata ana ajewa don gyara da sabuwar caja.