Tsakanin Jirgi da Mota

A wannan fitowa za mu leƙa tashoshinmu, inda matafiyi ke sauka daga wani abin hawa ya nemi wani.

Tun da layin dogo ya iso Ngaundere a shekarar 1974, nan ya tsaya. Mai zuwa Garwa daga Yawunde sai ya kwana cikin jirgi, gari ya waye ya sauko da kayansa, ya nemi motar da za ta gangara da shi dutsen nan mai lanƙwasa, tafiyar kusan kilomita 280. Wanda ya nufi Marwa ko Kusiri kuwa da sauran aiki a gabansa.

A ganinmu, ba da fenti ko yawan motoci ake auna tasha ba. A auna ta da tsohuwa mai sanda, da jikoki biyu da ƙunshin kaya. Ina za ta zauna? In Garwa ce a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ai inuwa ba kayan ado ba ce. Maza sukan sami shimfiɗa su yi salla, ita kuwa sai ta raɓe bayan buhuna. Shari'a ta yardar wa matafiyi ƙasaru da haɗa salloli, amma ba ta ɗauke masa tsarki ba. To, da wane ruwa, kuma a wane makewayi?

Kwanan baya mun raka gwaggonmu wani ajans. Aka ce mota za ta tashi "yanzu-yanzu", muka zauna tun hantsi har la'asar. Da aka fara kiran suna, da Faransanci aka yi bayani, alhali Hausa da Fillanci kawai take ji. Ba domin muna wurin ba, da an tafi an bar ta da tikitinta a hannu. Jinkirin bai dame mu kamar ɓoye gaskiyar lokaci ba, domin wanda aka gaya wa ƙarfe huɗu zai iya zuwa ya ci abinci ya dawo.

Ba duka ne sai hukuma ba. Aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta lissafa matafiyi cikin mutum takwas masu haƙƙin zakka, ballantana sadakar ruwa. Attajiranmu za su iya kafa rumfa, su ajiye randuna da butoci, su keɓe wa mata wurin salla. Masu ajans kuwa abin da muke roƙo bai fi ƙarfinsu ba: allo mai ɗauke da lokacin tashi da kuɗin kaya, da mai shela da Fillanci da Hausa.