Wa Ya Tuna da 'Ya'yan Sojan Bama?

Ya ku 'yan makarantar ƙasar Daura, akwai wata magana da mu kan ji a bakin waɗansu masu ilmi, wai Ingilishi sun biya hakkin kowane soja da ya yi musu yaƙin Hitila, fari da baƙi, ba wanda ya ke bin su bashi. Mu ba mu yarda da wannan magana ba, za mu kuwa faɗi dalilinmu, ku auna da hankalinku.

An fara yaƙin nan cikin Satumba 1939, zamanin Sarkin Daura Abdurrahman. Da Faransa ta fāɗi hannun Jamus cikin Yuni 1940, sai Turawan da ke mulkin Nijar suka bi gwamnatin Bishi mai biyayya ga Jamus, har zuwa Nuwamba 1942. Watau shekara biyu da 'yan watanni mutanen Zango da Mai'aduwa da Baure suna kwana a bakin iyakar da a ke tsoron ta zama fagen fama. Mutum fiye da dubu 100 suka shiga soja daga Nijeriya, Hausa kuwa ita ce harshen umurni cikin rundunar. Sojan Nijeriya na cikin waɗanda suka ci Mogadishu daga hannun Italiya cikin Fabrairu 1941. Daga 1943 aka ɗebi runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka kai su Hindu, daga nan sai Bama, inda suka yi karo da Japan a kwarin Kaladan da duwatsun Arakan, cikin ruwa da laka da zazzaɓi, da kaya a ka, har suka ci garin Myohaung cikin Janairu 1945.

To, sa'ad da mazan nan ke can, me a ke faɗi a Majalisar Ingila? Wakilai sun damu ƙwarai da iyalan sojansu. Kullum suna tambayar gwamnati, nawa a ke ba matar soja, nawa a ke ba ɗansa, wa zai riƙe marayu? Cikin Disamba 1942 wani masani, William Beveridge, ya fitar da rahoton yadda za a tsare kowane Ingilishi daga talauci tun daga haihuwa har mutuwa. A 1944 aka yi dokar ilmi wadda ta buɗe wa kowane yaro makarantar gaba da firamare kyauta. A 1945 aka yi dokar kuɗin renon yara, sule biyar kowane mako ga kowane ɗa ban da na fari. Wata wakiliya, Eleanor Rathbone, ta yi shekara da shekaru tana faman wannan, ta kuma tsaya kai da fata sai a sa kuɗin a hannun uwa. Ta rasu cikin Janairu 1946, aka fara biya cikin Agusta na wannan shekara. Yabon gwani ya zama dole, wannan aiki ne na kirki. Amma dokar nan ba ta ƙetare teku ba, ba ta san da yaron Sandamu ko na Zango wanda ubansa ya kwanta dama a dajin Bama ba.

Ku ɗauki alli ku yi lissafi. Albashin ƙaramin soja na Nijeriya sule ɗaya ne a rana, watau sule bakwai a mako. Uwa mai 'ya'ya uku a Ingila sule goma ta ke karɓa a mako ta dokar 1945. Kun ga kuɗin renon yara biyu a can ya fi ladan mutumin da ya yi kwana bakwai yana tarar harsashi. Soja ya kan iya sa a yanki wani abu daga albashinsa a aika gida, amma abin da aka yanko daga sule ba ya wuce sule. A gida kuwa gishiri da kananzir da tufa sun yi tsada, shekarar 1942 ta zo da ƙarancin abinci a Arewa, ga haraji ba ya jira, ga gwamnati na matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa saboda yaƙi. Ban da wannan, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, sai aka shiga ɗiban mazaje tilas daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna, har 1944, da yawa kuwa sanyi da ciwo suka kashe su. Wa ya rage a gona?

Masu jayayya da mu su kan kawo hujja uku. Ta fari, wai zama a Ingila ya fi tsada, don haka dole ladan Bature ya fi. Mun yarda gero ya fi burodi araha. Amma kuɗin sallama bayan yaƙi tukwicin wahala ne, wahala kuwa ba ta da kasuwa biyu. Takardun da aka tono aka bayyana a 2019 sun nuna yadda aka tsara sallamar sojan Afirka ta Gabas a 1945: ƙaramin soja Bature sule goma ga kowane wata na aiki, baƙin mutum mai muƙami ɗaya da shi sule uku da sisi. Ga kuma bulala. Tun 1881 aka hana dukan sojan Ingilishi da ita, amma sai 1946 aka gama kawar da ita daga rundunonin baƙaƙen fata na Afirka. Wane farashin hatsi ne ya kawo wannan? Ai shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hujja ta biyu, wai Bahaushe yana da dangi, zumunci zai riƙe matar soja da 'ya'yansa. Gaskiya ne zumunci ya riƙe su, albarkacinsa kuwa da yawa suka rayu. Amma ku duba wanda nauyin ya faɗa wa. Ƙanen soja mai gona ɗaya ya ciyar da gida biyu daga rumbu ɗaya, tsohuwa ta koma kaɗi da saƙa don jikoki, matar da ba ta ji labarin miji ba shekara uku ta zauna ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba. Wanda ya ɗauki mutum aiki shi ke da alhakin iyalinsa, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Hujja ta uku, wai ai Majalisar ta yi maganar ƙasashen da ke ƙarƙashinta. Ta yi, ba mu musu. Wakilai irin su Arthur Creech Jones da Reginald Sorensen sun sha tashi suna tambaya a kan wahalar baƙaƙen fata. A 1940 da 1945 aka yi dokokin raya ƙasashen mulkin Ingila, ta biyun ta ware fam miliyan 120 na shekara goma. Amma wannan kuɗi na dukan ƙasashen ne, daga Jamaika har Malaya, ba kuwa hakki ba ne da wata mace za ta je baitulmali ta ce a ba ta. Ga asalin bambancin: uwar yaro a Ingila tana da ƙuri'a, wakilinta yana tsoron ranar zaɓe. Matar soja a Daura ba ta da wakili a Landan, ba ta da shi ko a Ikko, gama kafin 1947 Majalisar Dokoki ta Ikko ba ta yi wa Arewa doka, Gwamna kaɗai ke yi. Wanda ba shi da baki a majalisa sai abin da aka ga dama aka ba shi.

In an bi ta ɓarawo kuma, a bi ta mabi sawu. Mun sa wa barikoki sunayen wuraren yaƙin, ga Dalet da Kalapanzin a Kaduna, ga Mogadishu a Abuja, amma sunayen mazan da suka je can sun ɓace mana. A cikinku wa zai iya lissafa mutum biyar na gundumarsa da suka je Bama? Mu kan taru ran 15 ga Janairu don tunawa da mazan jiya, a busa begila a watse. Yau kuwa ƙasar Daura tana da wakilai a Majalisar Tarayya da ta Jiha, tun 2009 kuma samarinmu suna fāɗuwa a yaƙi da Boko Haram, suna barin mata da marayu. In aka bar waɗannan wa zumunci kaɗai, ba sauran Bature da za mu ɗora wa laifi.

Saboda haka ga aikin da mu ke roƙonku. Wannan hutu kowa ya zauna da kakanninsa, ya tambayi wa ya je yaƙin Hitila daga gidansu ko unguwarsu, yaushe ya tafi, ya komo ko bai komo ba, wa ya riƙe 'ya'yansa. Ku rubuta da kyau ku kai wa malaminku, a haɗa littafi ɗaya a kowace makaranta, a aika da kwafi wurin hakimi. Waɗanda suka ga mutanen nan da idonsu sun tsufa, kowace shekara suna raguwa. In kuwa akwai marayan soja a ajinku, ku bincika ko hakkin ubansa ya iso hannun uwarsa, in bai iso ba ku rubuta wa wakilinku takarda, ku sa hannu dukanku. Allah ya jiƙan mazan da suka riga mu, ya raya zuriyarsu, amin.