Ƙaramar bindiga a cikin gida: tsaro ne ko jawo masifa?

Kwanan baya, a majalisar da muke zama bayan la'asar a nan Yekuwa, wani abokina mai kai dabbobi kasuwar Maigatari ya kawo wata shawara. Yana son ya sayi libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai gajeren baki, ya ajiye a ɗaka saboda ɓarayi, ranar da ba aiki kuma ya shiga daji ya gwada saitinsa. Ban yi masa dariya ba, domin tsoronsa na gaskiya ne. Duk muna jin abin da masu garkuwa da mutane suka yi a yankunan Madarunfa da Gidan Rumji. A ƙetaren iyaka kuma, gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce wa jama'a su kare kansu a 2021, gwamnatin Zamfara ta yi irin wannan kira a 2022. To amma duk da haka na ce masa kada ya saya, ga kuma dalilaina.

Na farko, ita kanta bindigar. Libarba harsashi biyar ko shida take ɗauka. Gajeren bakin nan, wanda bai fi santimita biyar ba, shi ya sa take da daɗin ɓoyewa, shi ne kuma ya sa saiti da ita yake da wuya, ga ta da zabura a hannu. Wanda bai daɗe yana koyo ba, da dare, jiki na rawa, ba lallai ne ya samu ko ƙofar zaure ba. Su kuwa maharan da muke tsoro a kan babura suke zuwa, da yawansu, da AK-47 mai cin harsashi 30. Harbi ɗaya daga cikin gida zai iya mayar da fashi ya zama kisan iyali.

Na biyu, yaranmu. Yawancin libarba ba su da makullin da ke hana kunama motsi, da an ja sai ta tashi. Mu malamai mun san abin da yara ke ɗaukowa daga gida su kawo makaranta: wayar baba, reza, ashana. A gidan da yara goma ke shiga ɗaki suna fita, wane akwati ne ba su san cikinsa ba? Idan an kulle ta an ɓoye harsashi daban, ba ta da amfani lokacin da ɓarawo ya diro. Idan an bar ta a ɗure kusa da shimfiɗa, yaro ne zai riga ɓarawo isa gare ta. Amurka ta ishe mu misali: a 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota, ta zama kan gaba wajen kashe yara da matasa a ƙasar. Ga kuma rikicin gona da na gado, wanda da sanda ake yi a rabu da rauni. Da bindiga a kusa, fushin minti ɗaya sai ya zama makoki.

Na uku, doka. A Nijar ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma, kuma tun 1994 ƙasar ke da hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ya saya a ɓoye a bakin iyaka ya bai wa dillalan da ke sayar wa maharan kuɗinsa, kuma ranar da jandarma suka same ta, shi zai tafi kaso ya bar gidan da yake son karewa ba kowa.

Batun nishaɗi kuwa, ƙasar Damagaram ba baƙuwar bindiga ba ce. Tun zamanin Sarki Tanimu ake ƙera igwa a Zinder, har yau kuma 'yan bindiga na buga ta toka a hawan salla. Amma kakanninmu sun bar ta a hannun ƙungiya mai shugaba da ladabi. Maharbi ma sai ya yi shekaru a bayan ubangidansa kafin a sake masa hannu.

Kuɗin libarba ya fi amfani idan aka sa shi a ƙofar ƙarfe, fitila mai aiki da hasken rana da gyaran katanga. A haɗa lambobin wayar maƙwabta da na mai gari da na jandarma, a rage yawo da tsabar kuɗin kasuwa, a kai rahoton baƙuwar fuska da wuri. Malamai kuma mu koya wa yara abu uku: in sun ga bindiga ko harsashi kada su taɓa, su bar wurin, su gaya wa babba.

Abokina bai ce ya yarda ba, amma ya tambaye ni kuɗin ƙofar ƙarfe a Magarya. Allah ya tsare mu da zuri'armu.