Filin Lafiyar Iyali: Haƙorin Da Ya Yi Shiru

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 asibitoci da dama suka rufe a Kartum da Umdurman, mutanenmu da yawa suka koma lallaɓa ciwon haƙori da kanumfari da ƙwayoyin kashe zafi. Mun sha jin mutum na cewa, "Alhamdu lillahi, ya daina da kansa." To, a nan gizo ke saƙar.

A cikin kowane haƙori akwai ɗan nama mai taushi, mai jijiyoyin jini da na jin zafi, wanda 'yan'uwanmu Larabawa ke kira asab. Idan rami ya ci har ya kusa da shi, sai ya kumbura a wurin da babu sararin kumburi. Daga nan ko ya farfaɗo, ko ya mutu. Wanda ya mutu ba ya ciwo, amma ƙwayoyin cuta na nan ciki, suna gangarawa ta saiwa zuwa ƙashin muƙamuƙi.

Shi ya sa likita ke yawan tambaya, har wasunmu su ƙosa. Zai ɗora auduga mai sanyin ƙanƙara a kan haƙorin. In zafin ya zo ya wuce nan take, namar na iya warkewa, a share ramin a yi ciko. In ya daɗe kamar daƙiƙa 30 ko fiye, ko kuwa yana tashin mutum cikin dare ba tare da ya ci komai ba, ko shayi mai zafi na tsokano shi, galibi ta wuce gyara. In ba a ji komai ba sam, mai yiwuwa ta mutu. Sannan ya ƙwanƙwasa haƙorin, ya ɗauki hoto. Hoton ba ya nuna lafiyar namar, ƙashin da ke bakin saiwa yake nunawa, don haka amsarmu ta gaskiya rabin aikin ce. Nuna jarumtaka a kujerar likita ɓatar da shi kawai yake yi.

Idan jikin haƙorin na da sauran ƙwari, sai a yi aikin saiwa: a kashe wurin da allura, a kwashe namar, a wanke hanyoyin, a toshe. Na gaba yawanci hanya 1 gare shi, turmi 3 ko 4, shi ya sa aikinsa ya fi tsada, kuma sau da yawa sai an sa masa hula. In ya tsage har saiwa, cirewa ta fi. Mu dai ra'ayinmu, kada a yi saurin cewa "a cire a huta" kafin a tambayi likita ko zai cetu.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta na kanti ba ya isa cikin namar da jini ya daina shiga, tumbak kuwa dasashi yake ƙonawa. Wanda fuskarsa ta kumbura da zazzaɓi, ko haɗiya ta yi masa wuya, a kai shi asibiti a daren, musamman in mai ciwon sukari ne.