AUNA HAƊARI TUN BAI ZO BA: AIKIN DA KE JIRAN ƳAƳAN KEITA, BUZA DA MADAWA

A ƙarshen watan Janairu na 2025, tsarin nan na Amurka mai suna FEWS NET, wanda tun 1985 yake bin sawun yunwa a ƙasashen Sahel, ya tsaya cak har tsawon wasu watanni, bayan da gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon da take bai wa ƙasashen waje. Manomin Keita bai ji labarin ba, kuma damina ba ta fasa zuwa ba. Amma ga ma'aikatan ƙasa, wannan al'amari gargaɗi ne babba: zanen aro ba ya rufe katara. Ƙasar da ke jiran baƙo ya ƙidaya mata rumbunanta da yaranta masu tamowa, ran da baƙon ya naɗe tabarmarsa sai ta rasa idon ganin abin da ke tafe.

Jama'a masu karatu, saboda haka ne za mu yi bayani a kan wani aiki da ba a cika ambatonsa ba idan iyaye suna shawarar makomar ƴaƴansu. Kowa ya san likita da malamin gona da mushen lakwal. Kaɗan ne suka san masanin ƙididdigar lafiya da abinci, da abokin aikinsa mai auna haɗari.

MENE NE WANNAN AIKI?

Ɗan kasuwar hatsi ba ya zazzage buhu kafin ya saya. Yakan ɗebo kaɗan daga sama, daga tsaka da ƙasa, ya duba, sannan ya yi ciniki. Haka masanin ƙididdiga yake yi, sai dai shi da ƙa'idar lissafi. Idan ana son sanin yawan tamowa a gunduma, ba a auna dukan yara. Tsohuwar hanya ita ce a zaɓi garuruwa 30 ta hanyar ƙuri'a, a auna yara 30 a kowane, wato yara 900. Ana auna nauyi da tsawo da kaurin damtse. Yaron da ke tsakanin wata 6 da shekara 5, idan damtsensa bai kai milimita 115 ba, yana cikin tamowa mai tsanani.

Masanin ba ya tsayawa ga ba da adadi, sai ya faɗi iyakar gaskiyar adadin. Idan ya samu kashi 15 cikin 100, zai ce ainihin abin yana iya kasancewa tsakanin 12 da 18. Wannan magana tana da nauyi, domin a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, kashi 15 shi ne matakin gaggawa. A kan irin wannan lissafi ne ake yanke shawarar inda motar cimaka za ta nufa da inda ba za ta je ba.

ABIN DA ƘASAR ADAR TA KOYAR

A 1984, shekarar babban fari, aka soma furojen Keita da kuɗin ƙasar Italiya, tare da hukumar FAO, ita kuma PAM tana biyan masu aiki da cimaka. Mafi yawansu mata ne, domin maza sun tafi ci-rani. Sun jera duwatsu a kan fako, sun haƙa ramukan tare ruwa a jikin tsaunuka, an gina madatsai a bakin ƙoramu. Daga 1984 zuwa 2003 an farfaɗo da fiye da ekta 30,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18. Kafin wannan, tun 1975, mutanen kwarin Majiya a ƙasar Buza sun soma dasa layukan dogon yaro don kare gonaki daga iska, tare da malaman daji da ƙungiyar CARE. Ba da ido aka tabbatar da amfanin layukan ba. Sai da aka auna hatsin gonakin da ke bayan itatuwa, aka gwada da na fili, aka ga ƙari na wajen kashi 20 cikin 100. Awon nan ne ya ba da hujjar ci gaba da aikin.

Duk da wannan ƙoƙari, a 2005 yunwa ta sake shiga Keita. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna. An lissafa giɓin hatsi na ƙasa baki ɗaya kimanin tan 223,000, abin da bai kai kashi 10 cikin 100 na bukata ba. A takarda, giɓin ba mai ban tsoro ba ne. Amma hatsi ya yi tsada har a kasuwannin Najeriya inda muka saba cike giɓinmu, buhu mai kilo 100 ya kai jika 30 a wasu kasuwanni, kuɗin bisashe kuma ya faɗi. A watannin Afrilu da Mayu, binciken ƙungiyar likitocin MSF a yankunan Keita da Dakoro ya nuna yaro 1 cikin 5 yana da tamowa. A shekarar, ƙungiyar ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar.

Ina aka yi tuntuɓe? Ga misali. Ma'aunin da ake aiki da shi a ƙasarmu shi ne kilo 231 na hatsi ga kowane mutum a shekara. A ce gari ɗaya ya samu kilo 400 ga kowane kai, maƙwabcinsa mai yawan jama'a daidai da shi ya samu 60. Idan an haɗa an raba, kowa ya tashi da 230, takarda ta ce lafiya lau, alhali gari guda yana cin tafasa tun kafin bazara. Jimillar ƙasa takan ɓoye garin da ke jin yunwa. Kuma rumbun kasuwa cike ba ya ciyar da wanda ba shi da kuɗin tiya. Darasin 2005 ke nan: ba ƙidayar damma kawai ake bukata ba, har da farashi, da bashin da ke kan magidanci, da damtsen yaro, gari bayan gari.

HAƊARIN DA IDO BA YA GANI

Reshe na biyu na aikin shi ne auna haɗarin da ke cikin abinci da ruwa da ƙasa. Mai wannan aiki yana amsa tambayoyi huɗu: mene ne abin cutarwar, nawa ne ke cutarwa, nawa ne ke shiga jikin mutanenmu, kuma mutum nawa abin zai iya kamawa.

A Tibiri ta jahar Maraɗi, an ba jama'a ruwan wata rijiyar burtsatse daga 1985, aka daɗe ana sha kafin a gane yana ɗauke da sinadarin fuluwor fiye da ninki uku na abin da OMS ta yarda, wato miligiram 1.5 a lita. Ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙasusuwa. A Zamfara, a 2010, gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400. A Kenya, a 2004, masarar da ta yi fumfuna ta kashe mutum 125. Gubar wannan fumfuna, aflatoksin, tana kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi, kuma masana sun lissafa cewa haɗarinta na jawo kansar hanta ya ninka kusan sau 30 ga mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B.

Wannan ya shafi aljihun manomi kai tsaye. Albasar Galmi da ta kwarin Madawa tana zuwa Abijan da Akara da Kwatano. Ran da ƙasar da ke saye ta ce ta samu ragowar maganin ƙwari a ciki, ba rantsuwa za ta buɗe iyaka ba, sai sakamakon awo da aka yi bisa ƙa'ida.

INA AKE KOYO, INA AKE AIKI?

Hanyar tana farawa daga lissafi a kolej da lise. Bayan bak, ɗalibi yana iya karatun lissafi, ko likita, ko aikin gona a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, sannan ya ƙware. Akwai kuma gasar shiga manyan makarantun ƙididdiga na Afirka: ENSEA a Abijan, ISSEA a Yawunde, da ENSAE a Dakar. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a Yamai a 1974, tana horar da masana yanayi da ruwa da kare tsirrai.

Wuraren aiki kuwa suna nan: cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, da aka kafa a 2004, tsarin gargaɗin gaggawa, SAP, mai aiki tun 1989, cibiyar binciken noma, INRAN, ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa, LANSPEX, da cibiyar binciken lafiya, CERMES. Kada a ɗauka babban bincike sai a Turai. A Madarumfa aka gwada wani maganin rigakafin gudawar yara mai jure zafi, a kan jarirai wajen 3,500. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna ya rage gudawa mai tsanani da ƙwayar rotabirus ke jawowa da kusan kashi biyu cikin uku. Masana ƙididdiga ne suka tsara yadda za a raba jariran, su ne kuma suka tabbatar ba dace aka yi ba.

ABIN DA YA RAGE A YI

A ƙidayar 2012, Keita da Buza da Madawa sun haɗa mutum fiye da miliyan 1 da dubu 300, kuma a lokacin jama'ar ƙasa tana ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara. Ƙasar da aka farfaɗo da ita da gumin mata ba ta ƙaruwa da wannan sauri. Kuskuren lissafi a yau zai shafi mutane da yawa fiye da na 2005.

A ganinmu abubuwa uku ne wajibi. Na farko, a ajiye masanin ƙididdiga a kowace gunduma, ba a Yamai kaɗai ba, kuma ya zama mai jin Hausa da Buzanci. Magidanci ba ya faɗa wa baƙo gaskiyar abin da ke rumbunsa: wani yakan rage don sa ran taimako, wani yakan ƙara don kunya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, a bar ƴan mata su zarce da karatun lissafi, domin mace ce ke iya shiga cikin gida ta ji abin da yaro ya ci jiya. Na uku, a kare masani daga tsoron na sama. Adadin da aka gyara don faranta ran shugaba ya fi rashin adadi muni, gama yana sa a yi barci alhali wuta na ci.

Ku kuma da kuka fito yaƙi da jahilci, kuna da rabo a wannan aiki. Mai rubuta ruwan da ya sauka a ma'aunin garinsu, da mai rubuta kuɗin tiya ran kasuwa, da uwar da ta iya auna damtsen ɗanta, su ne tushe. In sun rubuta gaskiya, masani ya samu abin ginawa a kai. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu ƴaƴan da za su ƙidaya ta da gaskiya.