Kafin 'yan gwangwan su gama da akori-kurar Peugeot

Kilo-kilo ake sayar da tsohuwar akori-kurar Peugeot yanzu. Irin motar da ta yi shekaru tana kwaso dawa daga Ribah da Bena zuwa kasuwar Zuru, yau in ta kwanta a bayan gareji, 'yan gwangwan ne ke zuwa tayawa. Asara ce, kuma ya kamata masu sha'awar fasaha su fi kowa jin zafinta.

Kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna a 1975, kuma tsofaffin 404 da 504 ba su san wani abu wai kwamfuta ba. Kafireto ne da filogi da 'yan wayoyin da mutum zai bi da yatsa. In ta mutu a hanyar Rijau, bakanike ya saurari injin, ya kwance, ya hure, ta tashi. Motar zamani kuwa sai an jona mata na'urar gwaji, wani lokacin ma manhajar tana kulle a hannun kamfani. 'Yancin gyara da Tarayyar Turai ta yi wa doka a 2024 saboda wayoyi da kayan lantarkin gida, direban Fijo ya daɗe da shi ba tare da doka ba.

Gaskiya ne tana shan mai, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 ba mai hankalin da zai farfaɗo da ita don haya. Amma a tayar da ko guda biyu a garin, da injinsu na asali. Wanda ya dasa mata injin Toyota ya samu motar aiki, ba 504 ba.

Ƙarfe ba shi ne abin tsoro ba. Tsatsa mai walda ya san maganinta, kayan gyara kuma a leƙa Panteka a Kaduna. Abin da ba ya sayuwa shi ne ilimin da ke kan tsofaffin makanikai, ga shi samari da yawa sun fi karkata ga gyaran babur. Nan ne aikin matasa masu waya yake: duk ranar da aka buɗe injin a ɗauki bidiyo, maigidan gareji na bayani da Hausa ko C'lela, a rubuta sunan kowane ƙarfe yadda ake kiransa a gareji tare da lambarsa, a ɗora a YouTube. Ɗaliban Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru za su iya wannan a hutu guda.